Kowa Ya Ɗebo da Zafi Bakinsa: Doka, Kuɗi da Dagwalon Masana'antu a Kogunan Kano

Tsakure

Maƙalar nan ta duba dalilin da ya sa dagwalon masana'antu ke ci gaba da kwarara cikin kogunan Kano, alhali Nijeriya ta fi shekara talatin tana da dokokin da suka haramta hakan. Ta bi sawun ruwan tun daga Bompai da Sharaɗa da Challawa har zuwa gonaki da rijiyoyi, ta nazarci yadda aka raba iko tsakanin matakan gwamnati uku, sannan ta waiwayi hanyoyin da Amurka da Faransa da Jamus da Indiya suka bi. Matsayinta shi ne, babban giɓin yana wajen kuɗin awo da kuɗin gudanar da matatun dagwalo na yau da kullum. Ta ba da shawarar a ɗora wa kowace masana'anta kuɗi gwargwadon dattin da ta zubar, a killace su a asusun da doka ta hana taɓawa sai don ruwa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin gefen rafin Getsi da sanyin safiya a lokacin rani ba zai manta da abin da ya gani ba. Tun kafin ka hangi ruwan, warinsa mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai ya tarbe ka. In ka iso, sai ka tarar da shi yana tafiya da ƙyar, wani lokaci shuɗi-shuɗi mai toka, wani lokaci baƙi wuluk, kumfa ta taru a gefe. 'Yan taku kaɗan daga nan manomi ne ya naɗe ƙafar wando, ya tayar da injin ban-ruwa, tiyo na tuttuɗa wannan ruwa cikin fangalin latas da alayyafo. Ganyen ya yi kore shar, gwanin ban sha'awa. Kafin azahar an wanke shi, an ɗaure, an nufi kasuwa da shi. Manomin bai jahilci halin ruwan ba, fatar ƙafarsa ma shaida ce. Amma daga ƙarshen damina zuwa faɗuwar ruwan sama ba shi da wani ruwan da ya wuce wannan.

Ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san ana gane ruwa mai tsarkakewa ta siffofi uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Wannan ma'auni ya wadatar da kakanninmu, domin ƙazantar zamaninsu ido da hanci suna kama ta. Gubar masana'anta kuwa tana iya ratsa ƙasa ta shiga rijiya, ruwan ya fito garau ba launi ba wari, alhali yana ɗauke da ƙarfen da ke lahanta ƙoda. Gano irin wannan sai da ɗakin gwaji, da ma'aikaci ƙwararre, da motar zuwa ɗebo samfuri. Kowanne daga cikinsu kuɗi ne, kuma babu magidancin da zai iya tanadarsu shi kaɗai. Ta nan ne kiyaye ruwa ya zama aikin hukuma, ta nan ne kuma maganar doka ta haɗu da maganar aljihu. Tambayar da maƙalar nan ta sa a gaba ita ce: wa ya kamata ya biya, nawa, kuma a hannun wa za a ajiye kuɗin?

2.0 Hanyar da Dagwalon Ke Bi

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano. Fatar jar akuya da majemanmu suka jeme da bagaruwa ta ratsa Sahara ƙarni da ƙarni, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Jimar gargajiya tana da wari, shi ya sa aka ware mata wurarenta, amma kayan aikinta, irin su toka da bagaruwa, ƙasa tana iya narkar da su. Jimar zamani ta zo da wani lissafi dabam. Ana jiƙa fatu da ƙiraga a wanke gishirin da aka adana su da shi, a tuje gashi da farar ƙasa da sinadarin salfaid, a tsoma su a ruwan asid, sannan a jeme su da gishirin kuromiyam har su fito da launin shuɗi. Kowane tan guda na ɗanyar fata yakan ci ruwa kimanin lita 30,000 zuwa 40,000. A jimar da aka saba yi, fata ba ta shanye kuromiyam ɗin duka, kusan kashi ɗaya cikin uku yakan bi ruwa ya fita.

Ina yake zuwa? Magudanun Bompai suna zuba a Getsi, Getsi ya haɗu da Jakara, Jakara ta ƙare a madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, inda masunta ke kamun kifi, makiyaya ke shayar da dabbobi. Na Sharaɗa suna bin rafin Salanta su faɗa Kogin Challawa, wanda shi ma yake karɓar na rukunin masana'antun Challawa kai tsaye. Challawa ya haɗu da Kogin Kano a kusa da Tamburawa, yankin da ɗaya daga cikin manyan matatun ruwan sha na birnin take. Daga nan ruwan ya zama Kogin Haɗeja, ya ratsa Wudil ya shiga Jigawa, ya malale a dausayin Haɗeja da Nguru, ragowarsa ta bi Komadugu Yobe, wanda ya yi iyaka da yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar kafin ya kai Tafkin Cadi. Abin da aka saki daga bakin bututu guda a Kano ba ya tsayawa a kan iyakar jiha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kuromiyam a ruwan sha ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita. Nau'in da ake jima da shi bai kai ɗan'uwansa mai haddasa cutar daji haɗari ba, amma a wasu yanayi yana iya rikiɗa ya koma shi. Ƙarfe kuma ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a laka, yana taruwa a ƙasar gona shekara da shekaru. Gishirin da ke cikin dagwalon yana kashe albarkar ƙasa, ruɓaɓɓen nama da gashi kuwa suna cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Masana tattalin arziki, tun daga Arthur Pigou a 1920, sun bayyana wannan a matsayin ɗawainiyar da mai sana'a ke ture wa wanda ba ya cikin cinikin. Bahaushe ya riga ya taƙaita ta: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

3.0 Doka Ba Ta Yi Ƙaranci Ba

A 1988 aka gano sama da tan 3,000 na shara mai guba da aka shigo da ita daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu. Abin kunyar ya sa gwamnatin soja ta fitar da dokar haramta shara mai cutarwa, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, duk a wannan shekara. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta girka na'urar tace dagwalonta, a 1992 aka kawo dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli. An kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, sannan hukumar tilasta bin ƙa'idojin muhalli, NESREA, a 2007. A 2009 hukumar ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da kamfanonin fata, a 2011 ta ƙara da na kiyaye ingancin ruwan sarari da na ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya karanta waɗannan takardu zai ga an rubuta kusan duk abin da ya kamata a rubuta.

Cikas na farko yana wajen rabon iko. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya taƙaita ikon kotu na tilasta aiwatar da shi. Ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya yana ƙarƙashin tarayya. Filin da masana'anta ke zaune a kai yana hannun gwamna, bisa dokar amfani da ƙasa ta 1978. Kwata da shara kuwa an rubuta su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ga kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, amma aikinta ya fi karkata ga madatsu da noman rani. Kowa yana da ta cewa a kan kogin, babu ɗaya da za a kama a ce shi ne zai amsa tambaya in kifi ya mutu a Wasai.

Cikas na biyu yana wajen hukunci. Dokar NESREA, kamar yadda aka zartar da ita a 2007, ta yanke wa kamfanin da ya zubar da abu mai guba tarar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, da ƙarin naira 50,000 kan kowace ranar da laifin ya ci gaba. A lokacin, miliyan ɗaya ta kai kimanin dala 8,000. A 2024 ba ta kai dala 1,000 ba. Duk tarar da aka rubuta da tsayayyen adadi haka take narkewa a hannun hauhawar farashi. Mai kamfani mutum ne mai lissafi. A ɓangare guda ga kuɗin dizal na juya injin tacewa dare da rana, ga alif da farar ƙasa, ga albashin ma'aikaci, ga kwashe laka. A ɗaya ɓangaren ga tarar da sai an kama shi, an kai samfuri ɗakin gwaji, an yi shari'a an gama, kafin ya biya. Muddin na biyun ya fi araha, wanda ya bi doka shi ke asara a kasuwa, domin maƙwabcinsa da ya buɗe bututu da tsakar dare zai sayar da fatarsa ƙasa da tasa.

4.0 Kuɗi Kashi Uku

Yaƙi da gurɓatar ruwa yana cin kuɗi kashi uku, kuma cakuɗa su shi ne tushen kuskurenmu. Akwai kuɗin gini, wato na kafa matata da shimfiɗa bututu, wanda ake kashewa sau ɗaya. Akwai kuɗin gudanarwa, na wuta da sinadarai da gyara, wanda ba ya yankewa ko da yini guda. Akwai kuɗin sa ido, na masu awo da ɗakunan gwaji da lauyoyi. Babbar hanyar da Nijeriya ta tanada ita ce asusun kula da muhalli da aka kafa a 1981 da kashi ɗaya cikin ɗari na asusun tarayya, aka ƙara shi zuwa kashi biyu a 1992. Asusu ne na kai ɗauki, ana rububinsa tsakanin zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada, kuma ana sakinsa ne aiki-aiki. Zai iya gina matata. Ba a tsara shi don sayen dizal ɗin matatar nan da shekara goma ba.

Tsadar jiran sakin kuɗi mun gan ta a Zamfara. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinari ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An san maganin, an san yadda ake kwashe gurɓatacciyar ƙasa, amma garin Bagega ya jira har 2013 kafin kuɗin aikin su fito, likitoci kuma ba su iya fara yi wa yaransa magani ba sai da aka tsaftace inda za su koma.

Ƙasashen da suka farfaɗo da kogunansu sun haɗa doka da aljihu ne tun daga farko. Amurka ta zartar da dokar tsaftar ruwa a 1972, shekara uku bayan kogin Cuyahoga ya kama da wuta saboda man da ke kansa. Shugaba Nixon ya ƙi sa hannu don tsadarta, majalisa ta tsallake shi. Dokar ta hana zubar da dagwalo ba tare da lasisi ba, ta bar wa jihohi damar gudanar da lasisin, ta kuma ɗauki nauyin kashi 75 cikin ɗari na ginin matatun birane. A 1987 aka mayar da tallafin asusun bashi mai juyawa a kowace jiha: tarayya ta zuba jari, jiha ta ƙara kashi 20 cikin ɗari, gari ya ranta da sauƙin ruwa, ya biya, wani garin ya ranta.

Faransa ta bi ta wata hanya. Dokarta ta 1964 ta raba ƙasar gida shida bisa kwarin koguna, kowanne da hukumarsa mai karɓar kuɗi daga masu ɗibar ruwa da masu gurɓata shi, tana mayar da su ga ayyukan ruwa na wannan kwari. Jamus ta yi dokar kuɗin dagwalo a 1976, ta fara karɓa a 1981. Jihohi ne ke karɓa, ana lissafinsa bisa yawan gubar da aka zubar, ana rage wa wanda ya cika ƙa'ida, kuma doka ta keɓe kuɗin ga inganta ruwa. Tazarar shekarun nan da gangan aka bar ta, don masana'antu su shirya.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne Kanpur ta Indiya, birnin majema a bakin kogin Ganga. A 1987 kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarnin rufe duk kamfanin fatar da bai girka matatar matakin farko ba. A tsakiyar shekarun 1990 aka gina musu matatar haɗin gwiwa a unguwar Jajmau da taimakon ƙasar Holan. Kamfanoni suka ƙaru, dagwalo ya fi ƙarfin matatar, aka yi ta jayayya kan wanda zai biya kuɗin gudanarwa. A ƙarshen 2018 ma sai da aka rufe kamfanonin na tsawon watanni don kogin ya tsarkaka kafin babban bikin wanka na mabiya addinin Hindu. Hukuncin kotu da ginin matata duka sun samu a Kanpur, rashin kashi na biyu na kuɗin ne ya kayar da su.

5.0 Matsayin Wannan Maƙala

Ƙa'idar cewa mai gurɓatawa shi zai biya ta shiga sanarwar taron Rio na 1992, wanda Nijeriya ta halarta, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Shari'a ta hana cutarwa, ta wajabta lamuni ga wanda ya ɓata dukiyar wani, ta kuma sanya wa rijiya da kogi haraminsu. Abin da ya rage shi ne a mayar da ita tsari mai aiki, kuma majalisar jihar Kano tana da hurumin farawa ba tare da jiran kowa ba, tun da fili da izinin gini suna hannun jiha.

Tsarin shi ne a girka mita a bakin magudanar kowace masana'anta, a riƙa auna yawan ruwa da nauyin kuromiyam da ruɓaɓɓen datti, a caji kuɗi bisa wannan awo. A fara da farashi mai sauƙi, a sanar da yadda zai hau cikin shekara biyar, a ɗaure shi da hauhawar farashi don kada ya narke kamar tara. Kuɗin su shiga asusu na musamman wanda doka ta iyakance wa ayyuka uku: gudanar da matatun haɗin gwiwa na rukunonin masana'antu uku, biyan kuɗin awo, da ba ƙananan kamfanoni rance su girka matatar matakin farko. Kuɗin gini na farko ya fito daga gwamnati, domin nan ne asusun muhalli ya dace. Kada a ƙaddamar da ginin kowace matata sai an ga daga inda kuɗin juya ta za su riƙa fitowa.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko suna cewa masana'antun Kano sun riga sun jigata da tsadar wuta, masaƙu da dama sun rufe, ƙarin nauyi zai jefa ma'aikata a titi. Amsa ita ce, ana biyan wannan kuɗi a yanzu ma, sai dai manomi da masunci da mai jinya ne ke biya. Ƙari a kan haka, ba duk tacewa ce asara ba. In aka ware ruwan kuromiyam daga sauran dagwalo, ana iya kwantar da shi da sinadari, a narkar, a sake jima da shi, a rage sayen sabo daga waje. Manyan masu sayen fata a Turai kuma suna ƙara neman shaidar yadda kamfani ke sarrafa dagwalonsa, don haka mai matata ne zai riƙe kasuwa.

Na biyu suna cewa sabon asusu sabuwar kafar ɓarna ce. Wannan tsoro yana da tushe, maganinsa kuwa yana cikin tsarin riƙon asusun. Kwamitin amintattu ya ƙunshi wakilan masana'antu, waɗanda kuɗinsu ne, da na manoman rani da masunta, waɗanda lafiyarsu ce, da masana daga jami'o'i irin su Jami'ar Bayero, da kujerun Jigawa da Yobe. A riƙa buga sakamakon awon kowane kamfani da lissafin asusun duk wata uku, a karanta su da Hausa a rediyo. Albashin jami'in sa ido kuma kada ya dogara da yawan tarar da ya karɓo, don kada gurɓatar ta zame masa abin riba.

Na uku suna cewa kaso mai yawa na ƙazantar Jakara daga kwatocin gidaje da mayanka yake fitowa. Gaskiya ne. Amma bakin bututun masana'anta ƙidayayye ne, an san mai shi, kuma shi ke ɗauke da ƙarfen da ba ya ruɓewa. In an koyi awo da karɓa da riƙon amana a nan, asusun zai iya girma ya zama na bashi mai juyawa don magudanun birni. Manomin bakin rafi kuwa bai kamata a kore shi ba kafin a ba shi madadi, ko dai tataccen ruwa daga matatar, ko rijiyar da aka auna aka tabbatar da lafiyarta.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tun daga 1988 Nijeriya take tara dokokin kare ruwa, amma ba ta haɗa su da kuɗin da ba ya yankewa ba. Ta rarrabe kuɗin gini da na gudanarwa da na sa ido, ta kuma kafa hujjar cewa biyun ƙarshe dole su fito daga hannun mai zubar da dagwalo, gwargwadon abin da ya zubar. Jima ta ɗaukaka sunan Kano tun kafin zuwan Turawa, kuma burin wannan tsari shi ne sana'ar ta ɗore tare da kogin da take sha. Ma'aunin nasara ba zai yi wuyar ganewa ba. Ranar da manomin Getsi ya tayar da injinsa, sakamakon awon ruwan da ke shiga fangalinsa yana manne a ofishin dagacinsa, kuma adadin yana ƙasa da iyakar da doka ta gindaya, ranar ce za a ce dokar 1991 ta fara aiki.